A BAR WA MAI WAYA ZAƁINSA

A yau babu wani ma'aikaci ko ɗalibi a Jihar Kebbi da zai ce wayar hannu kayan ƙawa ce. Yaron da ya gama sakandare a Gwandu ba zai yi rajistar jarrabawar shiga jami'a ba sai ya aika wa hukumar JAMB lambarsa ta ɗan ƙasa daga layinsa na kansa. Malamin makaranta a Kalgo ta waya yake sanin albashi ya shiga. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa cikin 2013 take kuma zaune a ƙasar Kalgo, ta waya suke biyan kuɗin makaranta, su duba sakamakon jarrabawa. Manomin shinkafa ta waya yake jin farashin buhu kafin ya ɗora kaya a mota. Wanda kuwa ya ga wahalar da aka sha a farkon 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ƙaranci, ya san akwai ranar da mutum ba zai sayi ko mudun gero ba in ba shi da waya.

Tun da abin ya kai haka, tilas ne jama'a su tambaya ko wane ne ke da iko da wayar da ke aljihunsu. Mu a namu ra'ayi, babban abin da ya taimaki talakan Nijeriya a harkar sadarwa shi ne damar da yake da ita ta barin kamfanin da bai gamsar da shi ba ya koma wani. Wannan dama kuwa ana nema a rage ta ta hanyoyin da ba kowa ke lura da su ba, don haka ya wajaba hukuma ta tsare ta tun kafin ta suɓuce.

Bari mu fara da bayani. Kowace babbar waya, irin wadda ake kira komai-da-ruwanka, hannu uku ne a kanta. Akwai kamfanin da ya ƙera ta, kamar Tecno ko Samsung. Akwai kamfanin da ya mallaki babbar manhajar da ke tafiyar da ita, watau Google mai Android ko Apple mai iPhone. Sa'an nan akwai kamfanin layi, kamar MTN ko Airtel ko Glo, wanda ta turakunsa magana ke wucewa. In waɗannan uku suna gasa, kowa na neman yardar mai saye, to mai saye shi ne sarki. Amma in biyu daga cikinsu suka haɗa baki, suka ƙulla yarjejeniya cewa wannan waya ba za ta yi aiki ba sai da wannan layi, ko wannan manhaja ce kaɗai za ta zo a cikinta, to an raba kasuwa ke nan tun mai saye bai fito daga gida ba.

An ga irin wannan a ƙasashen waje. Lokacin da kamfanin Apple ya fito da iPhone a watan Yuni na 2007, kamfanin layi guda ɗaya, watau AT&T, shi aka ba iznin sayar da ita a Amurka, kuma an kulle wayar yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa. Haka aka yi da kamfanin O2 a Ingila, da Orange a Faransa. Mutumin da ke son wayar dole ya bar layinsa, ko da kuwa sabis ɗin sabon layin bai kai unguwarsu da kyau ba. Faransawa ba su yi dogon haƙuri ba. A watan Disamba na 2008 hukumarsu mai kula da gasar kasuwanci ta dakatar da yarjejeniyar Orange, sauran kamfanoni suka sami damar sayar da wayar. A Amurka kuwa sai cikin Fabrairu na 2011 kamfanin Verizon ya samu, bayan shekara uku da rabi. Cikin wannan tsakani Verizon, da ya ga an rufe masa ƙofa, sai ya zuba ƙarfinsa wajen tallata wayoyin Android, abin da ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukakar Google.

Da ƙura ta lafa, manyan manhajoji biyu kaɗai suka rage a fage. Nokia, wadda a da kusan kowane gida a Arewa akwai ta, ta jingina da manhajar Microsoft cikin 2011, ta sayar masa da sashenta na waya cikin 2014, daga baya Microsoft ɗin ma ya janye. A ƙarshen 2019 WhatsApp ta daina aiki a kan irin waɗannan wayoyi. Ma'aikatan da suka yi zamani da BlackBerry za su tuna yadda mutum ba ya shiga hirar abokansa sai ya mallaki irin wayarsu, ya kuma riƙa biyan kuɗin wata na musamman. Cikin 2013 kamfanin ya buɗe manhajar hirarsa ga sauran wayoyi, amma ya makara, har a watan Janairu na 2022 ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa ɗungum. Waɗanda suka yanke waɗannan shawarwari ba su taɓa jin sunan Kambaza ko Diggi ba, amma duk wanda ya sa kuɗinsa a irin waɗannan wayoyi a ko'ina yake, shi ya ɗauki asara.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam, kuma hanyar ta yi mana rana. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan waya a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Tun daga farko layi dabam ake sayar da shi, waya dabam: mutum ya sayi wayarsa a kasuwa, ya sa mata layin da ya ga dama. Duk da haka an sha tsada, domin kuwa minti guda Naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi yana magana. Sai da Globacom ya shigo cikin 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sa'an nan waɗanda suka riga shi suka bi sahu. Abin da ya tilasta musu shi ne sanin cewa mai waya zai iya zare layinsu ya sa na wani cikin minti guda.

Mun kuma ga ɗaya fuskar a nan gida. Kamfanoni irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone sun yi aiki da wata fasaha dabam, inda galibi waya da layi a haɗe suke, ba su rabuwa. Wayoyinsu sun yi araha, jama'a suka saya. Da kamfanonin suka durƙushe, MTN ya saye Visafone cikin 2016, sai wayoyin suka zama abin wasan yara, alhali wanda ya sayi waya sakakkiya a lokaci guda yana nan yana amfani da abarsa da duk layin da ya so.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya gane halin mutanenmu, ya kawo waya mai ɗaukar layi biyu, mai riƙe caji, mai kuma harshen Hausa a ciki. Da haka ya mamaye kasuwa. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kalgo zuwa Bunza da Kamba ya san amfanin wannan: in sabis ɗin wannan layi ya ɗauke sai ya koma wancan, in ya tsallaka Gaya ya sa layin Nijar. Daɗin daɗawa, ran 22 ga Afrilu, 2013, NCC ta buɗe tsarin da mutum zai sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Waɗannan su ne ginshiƙan da 'yancin mai waya ya tsaya a kansu a ƙasar nan.

To, ina matsalar take yanzu? Matsalar ita ce ɗaurin ya sauya kama. Ba a cika kulle waya da layi ɗaya ba a nan, amma akwai wasu igiyoyi guda huɗu da ya kamata a lura da su.

Ta farko ita ce manhajar da ake dasawa cikin waya tun daga masana'anta. Yawancin mutane abin da suka tarar a waya shi suke amfani da shi, kamfanoni kuwa sun san haka. Cikin 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro miliyan 4,340, saboda ya sharɗanta wa masu ƙera waya su dasa manhajojinsa na bincike, ya kuma biya wasu masu ƙerawa da kamfanonin layi don kada su dasa na abokan gasarsa. A shari'ar da aka yi a Amurka an bayyana cewa cikin 2021 kaɗai Google ya biya fiye da dala miliyan dubu 26 don ya zama shi ne ake tararwa a waya da kwamfuta, kuma a watan Agusta na 2024 alƙali ya yanke cewa ya yi babakere ba bisa doka ba. A nan gida, manhajar kuɗi ta PalmPay, wadda ta fara aiki cikin 2019 da jarin da Transsion ya jagoranci zubawa, tana zuwa a dashe cikin wayoyin kamfanin, haka ma manhajar waƙoƙi ta Boomplay. Ba mu ce wannan laifi ne ba. Amma ɗalibin Kalgo da ya koyi ilmin kwamfuta, ya ƙirƙiro tasa manhajar, ta ina zai shiga kasuwar da wani ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar kowane gida?

Ta biyu ita ce kyauta. Cikin watan Mayu na 2016 Facebook ya haɗa kai da Airtel suka kawo tsarin Free Basics a Nijeriya, inda ake shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da biyan kuɗin data ba. Wata uku kafin nan hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan tsari a ƙasarta, bisa hujjar cewa ba daidai ba ne kamfani ya zaɓa wa talaka sashen intanet da zai gani. Har yau kamfanonin layi suna sayar da data mai rahusa wadda ba ta buɗe kome sai dandalin zumunta. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗalibin da kuɗinsa bai wuce na irin wannan data ba zai kwana yana hira, amma ba zai iya buɗe laburaren jami'arsa ba.

Ta uku ita ce wayar bashi. Kamfanoni irin su M-KOPA, wanda ya faro daga Kenya ya iso Nijeriya, suna ba da waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan, in an yi jinkiri su kulle ta daga nesa. Tsarin ya sa waya a hannun mutane da yawa waɗanda ba za su iya biya gaba ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma ma'aikacin ƙaramar hukuma da albashinsa ya yi jinkiri, ko manomin da ambaliya ta cinye masa gona, zai iya wayar gari ya tarar an rufe wayar da a cikinta bankinsa yake, a daidai ranar da ya fi bukatarta.

Ta huɗu ita ce shigar kamfanonin layi harkar banki. Cikin 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba MTN da Airtel lasisin bankin ajiya da aika kuɗi. Wannan ya kai hidimar kuɗi garuruwan da babu reshen banki, abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ajiyarsa da cinikinsa suka rataya ga kamfanin layinsa, barin wannan kamfani zai yi masa wuya fiye da da.

Masu kare irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa kuɗin da masu manhaja ke biya shi ke sa waya ta yi araha, kuma kamfanin da ya zuba jari yana da haƙƙin ya tsare ribarsa. Suna cewa kafa turken sadarwa a ƙauye, a ba shi man dizal dare da rana, a sa masa mai gadi, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk mun yarda. Abin da muke cewa shi ne a sanar da mai saye sharaɗin da ke ciki, a sa wa sharaɗin wa'adi, a kuma bar masa ƙofar fita. Arahar da ta hana mutum motsi daga baya takan zama tsada.

Mutanen Gwandu ba baƙi ba ne ga takardar da ta ba baƙo shi kaɗai iznin ciniki. Cikin 1885 kamfanin Ingilishi na George Goldie ya aiko da wani Bature mai suna Joseph Thomson, ya koma da takardun yarjejeniya daga Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu Maliki, waɗanda kamfanin ya ce sun ba shi fifikon ciniki a gaɓar Kwara da Binuwai a madadin kuɗin da zai riƙa biya duk shekara. Shekara guda bayan haka Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin ikon mulki, ya riƙa nuna waɗannan takardu don ya kori Faransawa da Jamusawa, ya matse 'yan kasuwar ƙasa, har mutanen Nembe suka kai wa tasharsa ta Akassa hari cikin 1895. Zamani ya sauya, kamfanonin waya kuwa a ƙarƙashin dokar Nijeriya suke. Darasin da ya rage shi ne wanda ya rubuta sharaɗi ya fi wanda ya sa hannu sanin inda sharaɗin zai kai.

Akwai kuma wani abin da ya fi damun mutanen karkara. Cikin 2025 alƙaluman NCC sun nuna MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel na da kimanin sulusi, watau su biyu sun kwashe fiye da kashi 80 cikin 100. Tun cikin 2013 hukumar ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kiran waya. A watan Janairu na 2025 aka yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Mutumin birni, in abin ya ishe shi, yana da inda zai koma. Amma a garin da layi ɗaya kaɗai ke kamawa, waya mai layi biyu ba ta da amfani, damar sauya kamfani kuwa a takarda ta tsaya. Nan babakere ya kafu ba tare da an sa hannu a kowace yarjejeniya ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon hana kane-kane a wannan harka. Dokar gasa da kare masu saye, wadda aka sa wa hannu cikin 2019, ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 cikin Yuli na 2024, kotun da aka ɗaukaka ƙara gare ta kuma ta tabbatar da hukuncin cikin Afrilu na 2025. Ya kamata hukumomin biyu su zauna su fitar da ƙa'ida bayyananniya. A hana sayar da wayar da aka kulle da layi ɗaya, kamar yadda Kanada ta yi cikin 2017 da Ingila cikin 2021. Duk manhajar da aka dasa wadda ba dole ba ce ga aikin waya, a bar mai waya ya iya goge ta. Wayar bashi a rubuta jimillar kuɗinta da sharuɗɗanta da Hausa, boko da ajami, a cire makullin ranar da aka gama biya, kuma ko tana kulle a bar ta ta kira lambar gaggawa ta 112. Asusun da dokar 2003 ta kafa don kai sadarwa karkara, duk turken da aka gina da kuɗinsa a wajabta ya ɗauki kowane kamfani. Yarjejeniyar da MTN da Airtel suka yi cikin 2025 ta amfani da kayan aikin juna ta nuna abin mai yiwuwa ne. A sa ido dai kada ta zama hanyar rufe wa ƙananan kamfanoni ƙofa.

Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da makarantu su ma suna da nasu aiki, domin su ne manyan masu saye. In za a sayo wa malamai ko malaman gona ko ma'aikatan asibiti waya, ko ƙungiyar ma'aikata za ta karɓo wa 'ya'yanta wayar bashi a riƙa cirewa daga albashi, a tabbata wayar sakakkiya ce, a kuma kira kamfanoni da yawa su yi takara. Kada wata makaranta ta ba kamfani ɗaya kaɗai iznin kafa turke a harabarta don ta sami wata 'yar kyauta. Sanarwar hukuma kada ta tsaya a WhatsApp kawai. A aika ta saƙon tes da rediyo, don mai ƙaramar waya ma ɗan ƙasa ne. Jihar da aka zaɓa aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a cikinta a watan Nuwamba na 2015 ta fi kowa sanin yawan mutanen da abincinsu ya rataya ga saƙon da ya iso a kan lokaci.

Ku kuma ɗalibai da ma'aikata, ku ne masu karatu a gidajenku, ku ake kawo wa takarda a ce ku duba. Kafin ku sayi waya, ko ku raka mahaifi ko ƙane saye, ku tambaya: tana karɓar kowane layi? Nawa ne jimillar kuɗin in an gama biya? In aka makara kwana nawa za a kulle ta? Ku adana lambobinku da takardunku a inda za ku same su ko da wayar ta mutu ko kamfanin ya rufe. In an cuce ku, ku kai ƙara ga NCC ta lambarta ta 622, kada ku tsaya ga gunaguni a majalisa.

A kasuwanninmu na gargajiya an san aikin Sarkin Kasuwa: ya duba mudu, ya hana tare hanya, ya tabbata kowa ya sami wurin baza hajarsa. Kasuwar waya ma kasuwa ce, tana bukatar mai duba mudu. Tun ran gini ran zane. Muna fata hukumomi za su tashi tsaye tun igiyar ba ta ɗaure ba, domin warware ta daga baya, kamar yadda Turai da Amurka suka gani, yakan ci shekaru a gaban alƙali.